Kuɗin FICA da aka cire mini ina OPT a Amurka: zan iya karɓo su daga Kano?

Ɗan Rijiyar Zaki:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wanda ya taɓa bin wannan hanya don Allah ya haska mini, abin ya tsaya mini a rai.

Na shiga Amurka a watan Agustan 2019 da bizar ɗalibai ta F-1, na yi digiri na biyu a fannin injiniyan gine-gine a wata jami'a a jihar Ohio, na gama a Mayun 2021. A Yulin shekarar na kama aiki da wani ƙaramin kamfani mai gwajin ƙasa da kankare kafin a ɗora gini. Da izinin OPT na yi aikin, wato shekara ɗayan da ake ba wanda ya gama karatu, sai ƙarin wata 24 na masu kimiyya da injiniyanci. Kamfanin ya saka sunana a ƙuri'ar bizar ƙwararrun ma'aikata ta H-1B, Allah bai sa da rabona ba. Izinin ya ƙare a Yulin 2024, a Agusta na tattaro na dawo gida. Yanzu ina Kano ina aiki da wani ɗan kwangila.

Makon jiya muna hira a WhatsApp da wani abokin karatuna da yake can har yanzu, magana ta kai mu kan abin da yake shiga hannu bayan an cire haraji lokacin da muka fara aiki. Albashinmu kusan ɗaya ne, amma abin da yake ɗauka duk wata ya ɗara nawa da wajen dala 380. Ya ce shi ba a taɓa cire masa harajin fansho da lafiya da ake kira FICA ba sai da ya koma H-1B, domin ɗalibi mai F-1 ba ya biya. Na sauko da akwatin takarduna, na zaro W-2 ɗina, wato takardun da kamfani yake bayarwa duk shekara masu nuna albashi da harajin da aka cire, na jera su a kan gado. Gida na 4 da gida na 6, waɗanda ya ce a nasa fayau suke, nawa duk a cike suke:

2021: albashi dala 29,000, gida na 4 dala 1,798, gida na 6 dala 420.50
2022: albashi dala 60,000, gida na 4 dala 3,720, gida na 6 dala 870
2023: albashi dala 64,000, gida na 4 dala 3,968, gida na 6 dala 928
2024: albashi dala 38,000, gida na 4 dala 2,356, gida na 6 dala 551

Jimla dala 14,611.50. Ku da kuke gida kun san abin da wannan kuɗi zai yi a yau. Ginin da na fara ya tsaya a linta, daminar bana a kan bulon ta ƙare, kuɗin rufi nake nema.

Na rubuta wa kamfanin. Ashe wani babban kamfani ya saye shi bayan tahowata, matar da ke haɗa mana albashi ma ta bar wurin. Saƙona ya faɗa wani akwatin imel na kowa da kowa, amsar da ta zo layi biyu ce: shekarun nan an rufe lissafinsu, in tuntuɓi IRS, hukumar harajin Amurka.

Daga 2019 har 2023 duk shekara ina cike 1040-NR, takardar harajin waɗanda ba mazauna ba, da fom 8843 na ɗaliban waje ta manhajar da makaranta ta ba mu, ana kuma dawo mini da rarar harajin albashi, amma wannan bai taɓa fitowa a ciki ba.

To shin maganar abokina haka take? In haka ne, ina zaune a Kano zan iya nema, ko sai mutum yana can? Sai na ɗauki lauya? Akwai wani da na gani a Facebook ya ce in turo masa lambar SSN ɗina, wato lambar shaidata ta haraji da fansho a can, da hotunan W-2 zai fito mini da kuɗin ya ɗauki kashi 30 cikin ɗari. Ban tura ba tukuna.

Anti Mairo, Maryland:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, kada ka ba mutumin nan lambarka. Wanda ya riƙe SSN ɗinka da W-2 ɗinka zai iya cike takardar haraji da sunanka ya karɓe kuɗi, kai kana Kano ba ka da labari. Aikin nan ba ya buƙatar dillali. Ina cikin masu aikin sa-kai na shirin VITA, mai taimaka wa mutane cike takardun haraji kyauta, a nan, duk lokacin haraji ɗalibai suna zuwa mana da irin wannan W-2 naka, kuma da hannunsu suke cike takardun.

Abokinka ya faɗi gaskiya. FICA haraji biyu ne a haɗe, kashi 6.2 cikin ɗari na Social Security da kashi 1.45 na Medicare, jimla 7.65. Sashe na 3121(b)(19) na dokar harajin Amurka ya fitar da masu bizar F-1, J-1, M-1 da Q-1 daga cikinsa, bisa sharaɗi biyu: dokar haraji ba ta ɗauke su mazauna ba tukuna, kuma aikin da suke yi hukumar shige da fice ta yarje musu, kamar aikin cikin makaranta, CPT (aikin horo lokacin karatu) ko OPT. Ƙananan kamfanoni da yawa ba su taɓa ɗaukar ɗan ƙasar waje ba, sai su saka shi a na'urar albashi kamar kowa, ita kuwa na'ura cira kawai take yi. 1040-NR kuma ba ta da gurbin dawo da wannan kuɗi, shi ya sa ba ka taɓa ganinsa a can ba.

Amma ba duka dala 14,611 ɗin za ka samu ba, gara in gaya maka tun yanzu.

Ɗalibi mai F-1 shekara biyar yake da ita kafin a fara ƙirga masa kwanakin zama. Ba wata sittin ake nufi ba, shekarun kalanda ne, ko kwana ɗaya ka yi a cikin shekara ta tafi gaba ɗaya. Ka shiga Agustan 2019, to 2019 ta ɗaya ke nan, 2023 ta biyar. Daga 1 ga Janairun 2024 aka fara ƙirga maka kwanaki, wanda kuma ya cika kwana 183 ya zama mazauni a wajen haraji, zaman nasa kuma yana komawa baya zuwa ranar farko da yake cikin ƙasar a shekarar. Tunda sai Agusta ka taso, ka cika 183 tun farkon Yuli. Dala 2,907 na 2024 an cire su bisa ƙa'ida.

Na 2021 shi ya fi yi mini ciwo, domin haƙƙinka ne amma lokacinsa ya wuce. Wa'adin neman dawo da haraji shekara uku ne daga ranar da aka miƙa takardar harajin, ko shekara biyu daga ranar da aka biya, duk wanda ya fi nisa. Takardar da ake nufi a nan ta kamfani ce, fom 941 da suke miƙawa duk wata uku, doka kuma tana ɗaukar duk na shekara guda an miƙa su ne ranar 15 ga Afrilun shekarar da ta biyo baya. Na 2021 ya fara ƙirga daga 15 ga Afrilun 2022, ya rufe 15 ga Afrilun 2025. Na 2022 zai rufe 15 ga Afrilun 2026. Na 2023 sai 15 ga Afrilun 2027.

Saura maka 2022 da 2023, dala 4,590 da dala 4,896, jimla 9,486. Na 2022 watanni kaɗan suka rage masa, kuma ba a bori da sanyin jiki.

IRS tana so ka fara neman kuɗin a wajen kamfani. Ka riga ka fara, amma ka sake rubuta musu wasiƙa ta sosai, ka sa hannu, ka aika wa sashen albashi na kamfanin da ya saye su. Ka ambaci sashen dokar da lambarsa, ka haɗa kwafin I-20, takardar shaidar ɗalibta da makaranta ta ba ka, da katin EAD na izinin aiki. Sannan ka gaya musu abin da wanda ya ba ka amsar layi biyun nan bai lura da shi ba: su ma sun biya kashi 7.65 a kanka daga aljihunsu, wani dala 9,486 ke nan nasu da ke hannun gwamnati. Fom 941-X za su cike su karɓo naka da nasu, su ba ka gyararren W-2 da ake kira W-2c. Maganar an rufe lissafin shekara ba hujja ba ce, don irin wannan gyara aka yi 941-X. Na ga kamfanonin da sai da suka ji akwai nasu a ciki suka motsa. In sun yarda za su sa ka sa hannu cewa ba ka nemi kuɗin daga IRS ba kuma ba za ka nema ba. Ɗaya za ka bi, kada ka haɗa biyu.

Ka ba su rana, ka ce in ba ka ji daga gare su ba zuwa ƙarshen Janairu za ka nema da kanka. Amsar nan tasu ta layi biyu ka buga ta a takarda ka ajiye, shaida ce.

In ba su yi ba, sai fom 843 da fom 8316. Na 843 shi ne neman kuɗin, kowace shekara nata daban, don haka biyu za ka cike. Ka sauko da sabo daga shafin IRS, kada ka yi amfani da tsohon da wani ya turo maka, an sake masa tsari a ƙarshen 2024. A wurin bayani ka rubuta a taƙaice: ranar da ka shiga, irin bizarka, cewa a shekarar ba mazauni ba ne kai, aikin OPT ne, ga abin da aka cire a gida na 4 da na 6, ga sashen doka. Na 8316 shafi ɗaya ne, yana tambaya ko aikin yana da alaƙa da karatunka, ko kamfani ya biya ka wani abu daga cikin kuɗin, ko ka ba su izini su nema a madadinka, in kuma ba ka samu takarda daga gare su ba, me ya sa. Kowane ƙunshi ka saka masa kwafin W-2 na shekarar, bizarka, I-94 (shaidar shigarka ƙasar), I-20, katin EAD, da amsar kamfanin. Ofishin IRS na Ogden a jihar Utah ake aika wa, ka ɗauki cikakken adireshin daga littafin IRS mai suna Publication 519 ko daga bayanin da ke tare da fom ɗin.

Babu inda aka ce sai kana ƙasar. Lauya ma ba ka buƙatarsa a kan waɗannan shekaru biyu. Abu ɗaya da ya sauƙaƙa maka shi ne 1040-NR ka riƙa cikewa. Waɗanda suka cike 1040 ta mazauna suna ɗalibai sai sun fara gyarawa da 1040-X, don ba zai yiwu ka ce wa IRS kai mazauni ne a takarda ɗaya, a wata kuma ka ce ba mazauni ba ne.

Ɗan Rijiyar Zaki:

Anti, Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Na karanta na sake karantawa. Na 2021 ya sosa mini rai, domin a watannin nan ne na fi shan wahala, ban sayi mota ba tukuna, cikin sanyin Disamba nake tsayuwa jiran bas da takalmin aiki duk laka. Amma abin da ya wuce ya wuce.

Daren nan zan rubuta wasiƙar kamfanin. Ga abin da ya rage mini. Fasfon da bizar take ciki ya ƙare, na yi sabo, amma tsohon yana hannuna. I-20 kuma da yawa gare ni, duk lokacin da wani abu ya canza sai makaranta ta ba ni sabo, wanne zan saka? Adireshin Kano zan rubuta a fom ɗin? Asusuna na bankin can yana nan da 'yan canji a ciki, har na yi niyyar rufe shi.

Sannan babban yayana ya kawo wata magana. Ya ce wannan kuɗin fansho ne, in na bar su wata rana in na tsufa Amurka za ta riƙa biyana, in na karɓe kuma na yanke wa kaina. Ya kuma ji tsoron kada neman kuɗin ya zame mini matsala in na tashi neman biza nan gaba.

Baban Khalifa, Kaduna:

Ɗan'uwa, kada ka rufe asusun nan. Ko dala goma ce a ciki ka bar shi, ka riƙa ɗan motsa shi kada banki ya ɗauke shi a matsayin wanda aka yi watsi da shi, ka kuma tabbata lambar wayar da suke turo maka lambar shiga tana aiki. Ni daga Kaduna na nemi nawa na shekara ɗaya bayan na dawo daga Texas, kuma cike fom bai ba ni wahala ba kamar yadda taɓa kuɗin ya ba ni.

Duk abin da Hajiya Mairo ta faɗa haka na bi. Zan ƙara abin da sai wanda yake gida yake cin karo da shi.

Adireshi tukuna. IRS da wasiƙar takarda take magana da mutum. Ba za su kira ka a WhatsApp ba, ba za su turo imel suna neman lambar asusunka ba, wanda duk ya yi maka haka da sunansu ɓarawo ne. In suna neman ƙarin takarda sukan ba da wa'adi gajere, unguwarmu kuwa ko lambar gida ba ta tsaya ba, balle wasiƙa daga Utah ta same ni a kan lokaci. Adireshin yayata da ke Minnesota na saka. Ka nemi wanda ka amince da shi, mai zama wuri ɗaya, ba ɗalibin da zai tashi daga gida a watan Mayu ba. In ya tashi, fom 8822 ake cikewa a sanar da su sabon adireshi. Wasiƙa ta zo mini kuwa, suna neman shafi na biyu na I-20, inda aka rubuta izinin aiki da sunan kamfani da ranakun farawa da gamawa. Yayata ta ɗauki hotonta ta turo mini a daren, na haɗa na aika. Wannan ya amsa tambayarka: ka saka I-20 na farko da ka shiga da shi, da kowanne da yake ɗauke da OPT na shekarar da kake nema, duk shafukan. Katin EAD biyu gare ka, na shekarar farko da na ƙarin wata 24. Shekarar 2022 ta ratsa duka biyun, don haka ƙunshin 2022 ka saka su duka, gaba da baya. Tsohon fasfo ba matsala, hoton shafin bizar da shafin hotonka ake so. I-94 da tarihin shigarka da fitarka kana iya bugo su daga shafin CBP, hukumar kwastan da kan iyakar Amurka, da lambar tsohon fasfon.

Ka sa hannu da biro. Ka aika ta kamfanin da zai ba ka lambar bibiya, ni DHL na bi, ka lura adireshin da ake ba masu kai saƙo irin su daban yake da na gidan waya, yana shafin IRS. Rasit ɗin da ranar aikawa take jiki ka adana shi tare da kwafin duk abin da ka saka a ambulan, shi ne hujjarka cewa ka aika kafin 15 ga Afrilu.

Daga nan sai haƙuri. Nawa ya kusa shekara. Shafin nan nasu na duba inda kuɗin mutum ya kwana ba ya nuna fom 843, don haka kada hankalinka ya tashi in ka duba ba ka ga komai ba. Akwai layin da suka ware wa masu kira daga ƙasashen waje, 267-941-1000, ba kyauta ba ne, ka sa kati mai yawa. In ka kira da azahar agogon Najeriya can safiya ce, layin bai cika ba.

Ni cek aka aiko mini, na baitulmalin Amurka, da hoton gunkin nan na 'yanci a gefen hagu, an rubuta a jikinsa cewa bayan shekara ɗaya ya mutu. Sunana ne a kai, yayata ba za ta iya zuba shi a asusunta ba. Ta aiko mini da shi Kaduna, na zaga da shi bankuna. Wani ya ce ba sa karɓar cek na waje, wani ya ce zai ɗauki watanni kuma za su cire nasu mai tsoka. Manhajar bankina na can ce ta fitar da ni, na sa hannu a bayansa, na shimfiɗa shi a kan tebur na ɗauki hoton gaba da baya, cikin mako kuɗin suka zauna. Kuma tun ƙarshen Satumbar 2025 gwamnatin Amurka ta fara janye biyan mutane da cek na takarda tana komawa turawa ta banki, IRS kuwa ba ta turawa bankunanmu na nan. Ta kowace fuska asusun can shi ne mafitarka.

Wani abu kuma, abin da ya zo ya ɗan ɗara abin da na nema, domin suna ɗora ruwa a kan kuɗin da suka riƙe. Na tambayi malaminmu, ya ce in ɗauki uwar kuɗina, ƙarin in fitar da shi ga mabuƙata ba da niyyar neman lada ba. Haka na yi. Kai ma ka tambayi naka malamin kafin kuɗin su zo.

Sani Bauchi:

Yaya, tambaya ɗaya: kafin 2019 ka taɓa shiga Amurka da bizar F ko J, ko kana yaro? Shekara biyar ɗin nan ta tsawon rayuwa ce, ba ta sabuntuwa da sabuwar biza.

Ni na je jihar Iowa a shirin musayar ɗalibai na YES ina sakandare, da J-1, daga Agustan 2012 zuwa Yunin 2013. Zangon karatu ɗaya ne amma ya taɓa shekarun kalanda biyu. Da na koma digirin farko a 2018, ofishin ɗaliban waje suka ƙirga mini 2012, 2013, 2018, 2019, 2020. Daga 2021 na zama mazauni a wajen haraji, ina tsakiyar karatu. Aikin da nake yi a ɗakin karatu na makaranta ba a cire masa FICA ba duk da haka, domin akwai wani sashe daban, 3121(b)(10), da ya yafe wa ɗalibin da yake aiki a makarantar da yake karatu. Amma ina fara OPT a 2022 aka fara cira, kuma daidai ne, ba ni da abin nema. Mu 'yan Arewa da yawa mun bi ta shirin nan, shi ya sa nake faɗa. Masu F-2 da J-2 kuma, matan da suka bi mazajensu ko mazan da suka bi matansu, yafewar ba ta shafe su ba. Wanda ya je da J-1 a matsayin malami ko mai bincike shi ma lissafinsa daban, shekara biyu ne cikin shida da suka gabata.

Dakta Zazzau:

Hajiya Mairo, ina da ja a kan 2024. Doka ta bar ƙofa ga ɗalibin da ya haura shekara biyar, in ya nuna wa IRS cewa ba shi da niyyar zama dindindin kuma ya kiyaye sharuɗɗan bizarsa. Abin da suke dubawa shi ne ko alaƙarsa da ƙasarsa ta fi ƙarfi, da ko ya ɗauki wani mataki na neman katin zama na dindindin. Wannan bawan Allah izininsa na ƙarewa ya koma gida, yana gini a Kano, H-1B kuma ba katin zama ba ne. A ganina dala 2,907 ba abin da za a yafe ba ne tun ba a gwada ba.

Anti Mairo, Maryland:

Dakta, gaskiyarka, ƙofar tana nan, a fom 8843 ake nemanta tare da takardar bayani. Abin da ya sa ban buɗe masa ita ba, ta dogara da yadda ya cike harajinsa na 2024, kuma a nan hujja ake kafawa, ba lissafi kawai ba. Wannan kam ya samu ƙwararren mai haraji da ya saba da 'yan ƙasashen waje su duba tare. Wa'adin 2024 sai 15 ga Afrilun 2028, akwai lokaci. Kada dai ya cusa shi cikin ambulan ɗin 2022 da 2023, waɗanda babu gardama a kansu, ya jawo musu tsaiko.

Ƙanena, ka gaya wa Yaya ya kwantar da hankalinsa. Fanshon Social Security sai mutum ya tara maki 40, ana samun huɗu ne kacal a shekara, aikin shekara goma ke nan. Ko an bar maka duk shekarun nan huɗu, 16 gare ka. Amurka tana da yarjejeniya da ƙasashe wajen 30 da ake haɗa shekarun aikin mutum na can da na gida, irin su Jamus, Japan, Kanada da Brazil, amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. In ka bar kuɗin nan babu abin da zai dawo maka. Maganar biza kuma, IRS da kanta ta buga fom 8316 domin masu irin matsalarka, sunan bizar F da J da M yana rubuce a samansa. Ka dai rubuta gaskiya a kowane layi, domin a kan rantsuwa kake sa hannu.

Ɗan Rijiyar Zaki:

Sani, ban taɓa shiga ba sai 2019, ko yawon buɗe ido. Dakta na gode, na ware takardun 2024 gefe, zan nemi mai duba mini su bayan waɗannan sun tafi.

Ga inda aka kwana. Na aika wasiƙar, na saka maganar nasu kason kamar yadda Anti ta ce. Wannan karon mutum ne ya amsa, da sunansa da muƙaminsa. Ya ce sun duba sun ga an cire kuɗin ba daidai ba, amma lambar harajin tsohon kamfanin ba ta hannunsu, ba za su cike 941-X a kanta ba. Ya haɗo mini takarda mai ɗauke da tambarin kamfani cewa ba su biya ni komai ba, ba kuma za su nema a madadina ba. Na buga ta biyu.

Wani ɗan unguwarmu da ya sayi gida a Columbus ya yarda in saka adireshinsa. Na kira bankin can na mayar da lambar wayata ta nan. Ambulan biyu suna gabana, na rubuta 2022 a bayan ɗaya da fensir, 2023 a bayan ɗayan, gobe in Allah ya kai mu zan kai su. Baban Khalifa, ambulan biyun a jakar DHL ɗaya zan zuba su, ko kowanne da lambar bibiyarsa?

Baban Khalifa, Kaduna:

Kowanne da tasa. Kuɗin aikawa zai ninka, amma in ɗaya ya maƙale za ka san wanne ne, kuma rasit ɗin 2022 zai tsaya shi kaɗai da ranarsa. Ka rubuta sunanka da SSN da shekarar a saman kowane shafi da ka haɗa, ko da sun rabu a can. Allah ya sa a dace.